Kusun Buronmu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hannun dama wanda har yau bai san inda zai sa kansa ba, ni Inusa Tanko, na porje, wato shirin tallafa wa masu garka, da ke bakin tafkin Madarumfa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoma da masunta, da duk wanda ya taɓa leƙo tagar buronmu, wato ofishinmu, rasuwar abokin aikina kuma rufin asirina, wato kusun ordinatar (kwamfuta ke nan), ɓeran nan da 'yan lakkwal, masu ilimin boko, ke kira suri. Ya cika ranar Alhamis, takwas ga watan Oktoba na shekarar 1998, da ƙarfe tara da minti arba'in na safe, a tafin hannuna, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekararsa biyu da wata huɗu a tsakaninmu.

Na je wajen limamin unguwarmu neman fatawa, ko ya halatta in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da ake buɗe ta mamata. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in je gida in sha ruwa in kwanta. Saboda haka na bar waɗancan kalmomi ga masu su, na ɗauki abin da ya rage.

Ga wanda bai san marigayin ba: ɗan abu ne fari, girman sabulun wanka, da doguwar wutsiya da ke shiga bayan ordinatar, da ƙwallon roba a cikinsa. In ka tura shi a kan tebur, wata 'yar kibiya ta motsa a jikin gilashi. In ka danna kansa, ya ce ƙat. In ka danna sau biyu da sauri, ya ce ƙat-ƙat, ƙofa ta buɗe. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma bai taɓa faɗin wadda ba a tambaye shi ba.

Ya iso Madarumfa a daminar 1996, cikin kwali, a bayan motar porje, tare da danginsa: gilashi, da babban akwati, da allon haruffa, da mashin ɗin fitar da takarda. Ni aka ɗora a kansu domin ni aka taɓa turawa Maradi koyon ordinatar na sati biyu. A yau da nake cikin makoki ba zan ɓoye komai ba. Satin farko na koyi kunnawa da kashewa da riƙon kusu. Ranakun da aka koyar da sirrin maɓallai kuwa, na tsallaka Jibiya ɗaurin auren wani abokina, na dawo ana raba takardar shaida, na miƙa hannu aka ba ni tawa.

Marigayin ya san wannan tun ranar farko, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Mai haƙuri ne. Da yatsa biyu nake buga rubutu, ɗaya daga kowane hannu, ina neman harafi kamar kaza na tsintar gero. Duk abin da ya wuce harafi kuwa, sai na ɗauke hannu daga allo, na laluɓo kusu, na tura kibiya can saman gilashi, na buɗe jerin umarni, na gangaro a hankali ina karantawa da leɓe, na danna, sannan na dawo in nemi inda na tsaya. Haka nake ajiye aiki, haka nake kaurara rubutu, haka nake aika takarda a fitar. A yini ɗaya yakan yi tafiyar da in an miƙe ta za ta kai garin Safo, bai taɓa cewa ya gaji ba. Sai dai ka ji ƙwallonsa na gurrr a kan 'yar tabarmarsa ta roba.

Mai ɗaukaka abokinsa ne. Kafin zuwansa ni Inusa ne kurum, wanda ake aike ya ɗauko dosiyen takardu. Bayan zuwansa na zama Malam Inusa Mai Kibiya. Ranar kasuwa mutane kan cika tagar buro, masu garka da kwandunansu, masunta da ƙarnin kifinsu, suna kallon yadda nake motsa hannu a tebur abu na motsi a gilashi ba tare da na taɓa shi ba. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, sai in riƙa zagaya kibiyar, in kai ta kusurwa in dawo da ita, in haɗe gira kamar mai aikin da zai ceci ƙasa, alhali ba abin da nake yi. Matata Ɗelu ta daina bin layi a rijiya. An ce matar mai ordinatar ba ta jira.

Mai rufin asiri ne, kuma nan ne babban alherinsa. Porjenmu na da ƙungiyoyin masu garka talatin da takwas, daga bakin tafki har ƙauyukan Gabi, kuma duk wata sai an aika musu wasiƙa iri ɗaya, sunan ƙungiya da na shugaba kawai ke canzawa. Wannan aiki kwana biyu da rabi yake ci a hannuna. In ja kusu in baƙanta layi, hannu ya zame, in sake, ya wuce da layi uku, in sake. Duk lokacin da darektanmu, Mushe Gambo, wato Malam Gambo da Faransanci, ya tambayi abin da ya sa aka daɗe, sai in ce masa mashin ne ya yi zafi, dole a bar shi ya huce. Mushe Gambo masanin iri ne da taki, bai san ordinatar ba, sai ya girgiza kai ya ce kayan Turawa ba su son ƙasarmu. Marigayin yana kwance a gefe yana ji, bai ce ƙat ba.

A cikin kwalin da ya zo da shi akwai wani ɗan kati mai kauri, an jera maɓallai a jiki, an ce in ka haɗa wannan da wancan aiki kaza zai yiwu ba sai ka taɓa kusu ba. Na duba shi sau ɗaya, na ga cin fuska ne ga abokina. Teburina kuma yana da gajeruwar ƙafa. Na ninke katin huɗu na tura ƙarƙashinta, tebur ya daidaita, na ce lallai Turawa ba su yin abu a banza.

Wajibi ne a nan in ambaci Madam Halima, domin ba a ba da labarin rasuwar a tsallake ta. Ita ce mai buga mana takardu da tsohon mashin na ƙarfe tun kafin ordinatar ta zo, shekara goma sha tara tana wannan sana'a, ta girme ni da goma sha biyu. Da ordinatar ta zo aka matsar da teburinta kusurwa, bayan ƙofa, aka bar mata rubuta adireshi a ambulan. A watan Agusta takarda ta zo daga Yamai cewa daga sabuwar shekara sakatare ɗaya porje zai riƙe. Ba wanda ya yi tambaya ko wane ne. Ni da kaina na ja kujera na zauna kusa da ita na yi mata jaje tun ba a yanke hukunci ba. Na ce mata zamani riga ne, kowa da tasa. Na ba ta shawara ta nemi inuwa a bakin kasuwa ta kafa mashin ɗinta, ba za ta rasa masu son a rubuta musu wasiƙa zuwa Legas ba. Har na ce in ta rasa mai ɗaukar mata tebur, ni zan nemo mata amalanke. Ta ce, "Allah shi kai mu, Malam Inusa," ta ci gaba da liƙe ambulan.

Ciwon ajali ya fara ne a ƙarshen Satumba. Kibiya ta soma ɗingishi. In tura dama ta tafi, in tura sama ta tsaya tana tunani. Daga baya na samu labarin cewa ciwo ne ƙarami da ke kama duk danginsa: datti ne ke taruwa a 'yan sandunan da ƙwallon ke gogawa, a buɗe a kankare da farce, shi ke nan. Dattin kuwa ba daga nesa ya zo ba, domin shekara biyu ina cin ƙuli-ƙuli da hannun da nake riƙe shi.

Maimakon in tambaya, wanda zai nuna ban sani ba, na sa shi a aljihu na kai wa Ɗan Azumi mai gyaran keken ɗinki. Ɗan Azumi mutumin kirki ne, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa bai taɓa ganin irinsa ba. Amma ya ce shi a saninsa, duk abin da ke juyawa, daga keken ɗinki har ƙafar amalanke, in ya cije mai yake so. Ya ɗiga masa ɗigo biyu na man keke. Ranar nan kibiya ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, sai dai ba inda aka aike ta take zuwa ba. Na yi tunani na ga cewa magani ya kama, ƙarancinsa ne matsala. Da na koma gida na ɗebi man gyaɗa a kwalbar Ɗelu, cokali guda, na ɗura masa da hannuna. Ina roƙon jama'a kada a ɗora wa Ɗan Azumi wannan cokali, nawa ne.

Kwana biyu bayan haka kiyashi suka gano shi. Na zo da safe na tarar da layinsu tun daga taga, sun bi ƙafar tebur, sun bi wutsiya, suna shiga suna fita kamar gidan biki. Don in kore su na ɗauke shi na shanya a kan rufin motar porje da tsakar rana, na shiga ciki, hira ta ɗauke ni. Da na tuna da shi bayan azahar, kiyashi sun tafi, shi kuma cikinsa ya ɗan lanƙwashe, ƙwallon ya yi laushi. Garin neman gira aka rasa ido. Duk da haka ya ƙara kwana huɗu yana aiki, yana jan jiki, don kada a ga gazawata.

Ranar Alhamis ɗin nan motar porje za ta tashi zuwa Maradi da ƙarfe sha biyu, da wasiƙu talatin da takwas da jerin sunayen mutum ɗari huɗu da sha biyu masu karɓar irin albasa na noman rani. Ranar ce ta ƙarshe, wanda sunansa bai isa ba sai baɗi. Wasiƙa tara na gama. Shugabannin ƙungiyoyi uku na zaune a benci suna jiran su ga sunayensu da idonsu, Mushe Gambo na tsaye a kaina yana duba agogo. Ina cikin ta goma kibiya ta tafi kusurwar hagu ta ƙasa ta tsaya. Na tura, shiru. Na ɗaga shi na hura masa iska, na girgiza shi, na goga shi a gaban rigata, na kira shi da sunansa a gaban mutane. Na danna kansa, maimakon ƙat sai ya ce ƙis, a hankali, bai ƙara ba.

Abin da ya biyo baya ina faɗinsa ne domin ya zama darasi. Tsoro ya kama ni, na kifa hannu biyu a kan allon haruffa ina dannawa ko Allah zai sa wani abu ya motsa. Ya kuwa motsa. Rubutun duka ya yi baƙi, sannan ya ɓace, jerin sunaye da wasiƙu tara da rabi, gilashi ya koma fari fat. Wani tsoho daga cikin masu jira ya miƙe ya leƙa, ya tambaya ko sunansa ne ya yi nauyi. Ni kuwa na buɗe baki zan ce mashin ya yi zafi, na ji ƙaryar ta ƙi fitowa.

Sai na ji an ja kujera a bayan ƙofa. Madam Halima ta taso, ta gyara ɗaurin zanenta, ta tsaya a gefena.

"Malam Inusa, ɗan gusa in gani. Ba a taɓa shi da hushi."

Na gusa. Ta zauna a kujerata, ta ture gawar gefe da bayan hannu, ta ɗora yatsu goma a kan allo. Ta danne wani maɓalli na kusurwa da ƙaramin yatsa, wanda aka rubuta wa Ctrl, wanda shekara biyu na ɗauka ado ne, ta taɓa Z sau uku. Sunaye ɗari huɗu da sha biyu suka dawo, ba wanda ya ɓata. Tsohon nan ya yi salati.

Daga nan ban ƙara gane abin da ido ke gani ba. Ta haɗa maɓallin da C ta kwashi wasiƙa, ta haɗa shi da V ta zube ta, ta canza suna, ta sake, ta sake. Ta haɗa shi da S aiki ya ajiyu, ta haɗa shi da P takarda ta fara fita. Idonta na kan jerin sunaye, ko sau ɗaya ba ta dubi hannunta ba, ko sau ɗaya hannun bai bar allo ba. Aikin da nake yi a kwana biyu da rabi ta gama shi a minti ashirin da biyar, har ta zauna tana jiran mashin ɗin fitar da takarda ya kamo ta. Mota ta tashi sha biyu saura kwata.

Da ƙura ta lafa Mushe Gambo ya tambaye ta wa ya koya mata.

"Katin da ke ƙarƙashin ƙahwar teburin Malam Inusa ne, Mushe. Tun bara na zare shi, na sa mishi kwalin shayi. In ya hita cin kihi da hantsi, sai in ɗan zamna in gwada."

Kowace safiya da ƙarfe goma nakan fita bakin tafki in ci soyayyen kifi, minti arba'in, wani lokaci awa guda, in bar ordinatar a kunne wai tana hucewa. Na sunkuya na duba ƙafar tebur. Kwalin shayi ne. Mushe Gambo ya sake tambayarta, cikin murya mai sanyi, ko ita a hannunta mashin ɗin yakan yi zafi. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce ita dai ba ta lura ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma rufa mini asirin da ta yi ya fi tonawa ciwo.

Marigayin ya rasu ya bar 'yar tabarmarsa ta roba, wadda yanzu ake ɗora kofin shayi a kanta. Ya bar kibiya, marainiya, tana nan a kusurwar hagu inda ya ajiye ta, ba mai kula ta. Ya bar gilashi da babban akwati, waɗanda ban ga alamar sun yi rashi ba. Ya bar yayansa allon haruffa, wanda ya zauna shekara biyu a wulaƙance a gabana, yau kuma shi ne mai gida. Ya bar kiyashi masu yawa da suka ci arzikinsa. Ya kuma bar hannuna na dama, wanda har yanzu in na zauna a kowane tebur, ko na cin tuwo ne, sai ya zame gefe yana laluben abin da babu.

An yi maganar sayo wani daga Maradi. Madam Halima ta ce ba gaggawa, in an samu mai zuwa ya taho da shi, za ta ajiye a durowa saboda baƙi.

Ranar Litinin Mushe Gambo ya kira mu mu biyu ya faɗi abin da kowa ya riga ya sani, sai dai ba sunan da kowa ya zata ba: Madam Halima ce sakatariyar da za a riƙe. Bai jira sabuwar shekara ba. Na tsaya ina tunanin yadda zan shiga gida in dubi Ɗelu, da inuwar da zan nema a bakin kasuwa, ni da ko tsohon mashin ban iya ba. Madam Halima ce ta yi magana. Ta ce Malam Inusa ya san kowane shugaban ƙungiya da gidansa, ya iya gaisuwa, mutane na sonsa, asara ce a bar shi ya tafi. Ta nemi a ba ni wani gurbi da ke nan ba kowa, aka ba ni. Ta kuma sa sharaɗi cewa kullum da ƙarfe goma, lokacin kifi, in zo in zauna kusa da ita in koyi abin da na tsallake na tafi ɗaurin aure. Yanzu na san haɗi biyar. Wannan sanarwa da hannuna na buga ta, safiya uku, ba kusu, tana zaune a gefena da rula, duk sanda hannun dama ya zame gefe sai ta ɗan taɓa shi.

Game da jana'iza, iyalai sun tsayar da abin da ke tafe. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, domin abin da aka zuba masa yana da rai ya isa. Za a sa shi a ambulan mai ruwan ƙasa, babba, a naɗe wutsiyarsa a jikinsa. Na so a ajiye shi a durowar ƙasa ta teburin da ya yi wa hidima, amma an sanar da ni cikin ladabi cewa ana bukatar durowar, in ma kwashe sauran kayana kafin Juma'a. Saboda haka za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar, a bayan buro, gindin dogon yaro, kusa da ɗakin janareto. Ɗan Azumi ya yi alkawarin zuwa da fartanya. Ana roƙon masu zuwa kada su taho da mai kowane iri ne, kada kuma a raba ƙuli-ƙuli a wajen.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar buro, a kan bencin planto, wato masinjan buro, sabon gurbina, daga ƙarfe takwas na safe har tashi, kullum ban da Lahadi, kuma ba kwana uku ko bakwai ba, har abin da hali ya yi. Nan za ku same ni. Wanda ya zo, bayan ya yi mini ta'aziyya, ya daure ya faɗa mini sunansa da ƙauyensu da abin da ke tafe da shi, don in shiga in yi masa iso wajen sakatariya.